Sunan da Inna Ba Ta Kira

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana da ɗa a Madina, kuma har na girma na yi aure na haihu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Na Madina" take cewa. Idan ya bugo waya sai ta miƙo mini ta ce, "Amsa, ki ji ko suna lafiya," ta koma gefe tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince, kunnenta kuwa duk yana wajenmu. Ɗan farinta ne. Mace ta zamanin su Inna ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san ya shigo ɗaki. Kunya ce, kuma da ita ake gane mace mai tarbiyya. Nata ya zo da ƙari, domin sunan surukinta aka sa wa yaron, wato mahaifin mijinta na farko, wanda shi ma ba ta isa ta ambata ba.

Mijin nan nata na farko haifaffen Madina ne, jikan mutanenmu da suka tafi hajji a ƙasa tun zamanin da ake yin shekaru a hanya, suka zauna can har suka zama 'yan ƙasa. Ya zo Malumfashi ganin dangi, ya ga Inna, ita ma ta gan shi, aka ɗaura aure ya tafi da ita. Ta haifi Yaya, wato na Madinan. Ba a daɗe da yaye shi ba mijin ya rasu. Mahaifinta ya je aikin hajji ya dawo da ita gida, yaron kuwa dangin uba suka riƙe shi, kakarsa ta rene shi. Inna ta sake aure ta haife mu, ni ce auta. Tun daga nan sau ɗaya suka sake haɗuwa, shekarar da ta sauke farali, shi ma cikin taron mutane aka gaisa aka rabu.

Da mahaifinmu ya rasu, kowa ya kama gidansa, Inna ta rage ita kaɗai a ɗakinta, sai Yaya ya aiko mata da bizar ziyara, ya haɗa da tawa don in raka ta. Ni malamar firamare ce, na nemi hutu aka ba ni ba da son rai ba. Bizar nan irin wadda ke da sharuɗɗa ce. Ba a aiki da ita, ba a aikin hajji da ita, kuma ranar da ta ƙare sai mutum ya tattara ya bar ƙasar. Ana iya sabunta ta, amma sabuntawar ma tana da iyaka. Mu dai a lokacin ba mu damu ba, ziyara muka je.

A filin jirgin Madina Yaya yake aiki, wajen masu sauke kaya daga jirgi, don haka tun kafin mu fito yana tsaye a bakin ƙofa. Dogo ne, da farar jallabiya, gemunsa ya fara furfura. Yana hango mu ya taho da sauri har yana tuntuɓe, ya kama kan Inna zai sumbata yadda suke yi wa iyaye a can. Inna ta kawar da kai gefe, ta gyara mayafinta, ta dube ni ta ce, "Ki tambaye shi yaya yara." Yana tsaye a gabanta fa, hannunsa bai ma sauka ba. Na ga yadda fuskarsa ta canza, sai ya yi murmushi ya sunkuya ya ɗauki jakarta. Ni a raina cewa na yi ai ya san halin tsofaffinmu, ban ƙara tunanin abin ba.

Gidansa yana Harra ta Gabas, unguwa mai lunguna da tsofaffin gidaje, inda baƙin dutse ke leƙowa ta gindin katanga. Matarsa can aka haife ta, iyayenta Hausawan Sudan ne. Hausarta rabi ce, Larabci rabi, kuma ba ta san ƙarya ba ko ta wasa, abin da daga baya ya ja mana. 'Ya'yansu duk sun girma. Suna jin Hausa sarai, amma da Larabci suke mayar da amsa, Inna kuma ko a jikinta, surutunta take yi musu suna dariya.

Ban taɓa ganin Inna ta sake kamar yadda ta sake a gidan nan ba. Ta ƙwace tukunyar tuwo daga hannun surukarta, ta ce miyar kukarsu ruwa ce. Ta yi ƙawaye da tsofaffin matan unguwar, kullum da hantsi suna zaune ana shan shayi ana lissafa waɗanda suka rasu a garuruwan da suka baro. Jikoki kuwa ta shagwaɓa su har abin ya fara ba ni haushi, ni da ko alewa ba a taɓa saya mini ba sai da faɗa. Mutum ɗaya ne kawai ba ya samun komai. Idan Yaya ya dawo aiki ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. Idan ya zauna kusa da ita, sai ta tuna tana da aiki a kicin. Amma ni na san wa take zuba wa tsokar da ta fi kyau, na kuma san wa take leƙe ta taga idan ya makara.

Wata safiya muna dawowa daga Masallacin Annabi, muka bi ta jikin katangar maƙabartar Baƙi'a. Inna ta tsaya ta daɗe tana addu'a. Da muka ci gaba da tafiya ta ce, "Babansu yana nan ciki." Muka ƙara taku kaɗan ta ce, "Ni ƙafata ta gaji da hawa jirgi." Inna ba ta taɓa roƙon komai kai tsaye ba a rayuwarta. Na gane so take ta zauna a Madina, da yamma na gaya wa Yaya.

Ashe shi ma abin yana ransa, har ya riga ya yi tambaya. Ya ce akwai iƙama, wato takardar zama, ta dindindin, wadda ake ba uwar ɗan ƙasa, ba ta buƙatar ubangida ko wani ya tsaya mata. Matsalar ita ce Inna da bizar ziyara ta shigo, bizar kuwa ba don zama aka yi ta ba, sai an rubuta buƙata ta musamman an jira. Ya shiga zirga-zirga. Ya tono takardar auren iyayensa wadda ta yi ja don tsufa, da takardar haihuwarsa. Sunan Inna yana ciki, amma ba abin da ke nuna cewa tsohuwar da ta sauka daga jirgi ita ce yarinyar da ke cikin takardar, domin tsohon fasfonta gara ta cinye shi tun muna yara. Ana cikin haka bizarmu ta ƙare aka sabunta, ta sake ƙarewa aka sake sabuntawa, aka ce wannan ce ta ƙarshe. Sai ofis ya ce Inna ta zo da kanta ta tabbatar da bakinta cewa ita ce uwar.

Muka tafi, ni da ita da matar Yaya. Shi ya tsaya a ɓangaren maza. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu yarinya ce mai fara'a, har ta sa aka kawo wa Inna kujera mai laushi. Matar Yaya ce ke fassara. Ni Larabcina na karatun allo ne, ba ya sayen ko burodi.

Ma'aikaciyar ta yi tambaya, matar Yaya ta juyo ta ce, "Inna, ta ce kina da ɗa a wannan balad, wato ƙasar nan?"

Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Akwai dai yara."

Ma'aikaciyar ta karanto sunan Yaya daga takarda. Matar Yaya ta ce, "Ta ce wannan mutumin, mene ne shi a wajenki?"

"Ɗan mutanen gidan can ne."

Na sa baki na ce, "Inna, cewa ake ɗanki ne ko ba ɗanki ba ne."

Ta harare ni, ta ja mayafi ta rufe rabin baki ta ce, "Ai kakarsa ce ta rene shi. Nata ne."

Kafin in kai hannu in mintsini matar Yaya, ta riga ta juya maganar zuwa Larabci, kalma da kalma, baiwar Allah. Ma'aikaciyar ta ajiye biro. Ta sake gwadawa a hankali, ta ce to Hajiya ta faɗi sunansa kawai. Inna ta nuna takardar da haɓa ta ce, "Ai ga shi nan a rubuce." Na shiga bayani da hannu da ƙafa, matar Yaya tana taya ni, muna cewa al'ada ce, kunya ce. Yarinyar ta saurare mu har ƙarshe, sannan ta ce ita ba za ta rubuta abin da ba a faɗa ba. Yanzu sai dai a je gaban alƙali da shaidu biyu, uwar ta yi iƙirari. Ban ga laifinta ba. Da ni ce a kujerar nan haka zan yi.

A mota na sauke wa Inna duk abin da ke raina. Na ce mutum ya bar aikinsa yana yawo ofis-ofis da rana tsaka, ke kuma kin je kin ba wa kakarsa matacciya ɗanki. Na ce kunyar nan a Malumfashi ake saye, nan ba wanda ya san kasuwarta. Inna tana kallon taga ta ce, "Rashin kunya dai ba a gidana kika koya ba." Yaya ne ke tuƙi. Da matarsa ta ba shi labari da Larabci, kai kawai ya gyaɗa, ya ƙara ƙarar rediyo.

Aka ba mu ranar zuwa gaban alƙali, ta faɗo gab da ƙarewar biza. Idan aka sake samun matsala, babu sauran lokacin gyara. Na ɗaura ɗamarar koya wa Inna sunan ɗanta, abin dariya abin haushi. Ina zaunar da ita bayan azahar in ce, "Ki faɗa bayana." In faɗi sunan. Ta ce, "Na ji." In ce ba ji nake so ki yi ba, faɗa za ki yi. Ta ce, "Ai kin faɗa, ya wadatar." Na ce ta juya ta fuskanci bango, ni zan fita tsakar gida, ta faɗa wa bangon. Na fita na kasa kunne, sai na ji tana istigfari.

Wata ƙawarta a unguwar, tsohuwa 'yar Damagaram da ta shekara aru-aru a Madina, ta ji labari ta zo tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita ma nata ɗan farin "Baƙo" take ce masa har yau, ga shi da jikoki. Ta kawo dabaru. Ta ce Inna ta toshe kunnuwanta da yatsu lokacin faɗa, don kada ta ji kanta. Ta ce ko ta faɗa da sauri kamar mai haɗiyar magani. Suka yi ta dariya su biyu, ni ina zaune ina cika ina batsewa. Da za ta tafi ta dafa ni ta ce, "Ke yarinya ce, ba ki san nauyinsa ba. Harshe ne ke ƙin tashi."

Washegari na tarar da Inna tana ninke zannuwanta tana jerawa a jaka. Na ce mene ne haka. Ta ce, "Mu koma gida. An gode Allah, an yi ziyara." Muryarta lafiya lau, amma zani ɗaya ta yi ta ninkewa tana warwarewa.

Da la'asar Yaya ya shigo da kwalin dabino a kafaɗa. Wani abokin aikinsa ne ke da gona a Khaibar. Ya ajiye a bakin ƙofa ya ce na tsaraba ne, a kai wa mutanen gida. Na bi shi har matattakala na ce, Yaya, wace tsaraba kuma, ai ba a gama magana ba.

Ya zauna a kan matakala ya cire hularsa. Ya ce, "Ki bar ta, ƙanwata. Ma'alesh. Ba komai, kada ki takura mata."

Na ce, "Kunya ce fa kawai, kai ma ka sani."

"Na sani. Kakata ta gaya mini, kowa ya gaya mini. A kai na sani." Ya taɓa goshinsa. "Amma ni nan na tashi. Nan uwa tana kiran ɗanta daga saman bene duk unguwa ta ji. Ina yaro idan na ji ana kiran abokaina sai in tsaya in saurara. Na ce idan ta zo, yimkin, ko Allah zai sa in ji sau ɗaya. To ta zo." Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Wataƙila ina tuna mata da baƙin ciki ne. Halas, shi ke nan, ba a tilasta wa mutum so."

Tausayinsa ya kama ni. Mutum mai furfura, shugaban ma'aikata a wajen aikinsa, yana zaune a matakala yana murza hula. Duk watannin nan ina ganin naman da ake zuba masa da leƙen da ake yi ta taga, na ɗauka shi ma yana gani. Ashe ba abin da ya gani sai ƙeyar Inna.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Wannan karon ban ɗaga murya ba. Na gaya mata abin da ya ce, ban rage ba ban ƙara ba.

Ta ajiye zanin. "Shi ya ce haka?"

"Shi ya ce."

"Ba na son sa?"

"Haka yake gani."

Ta ce, "Mara wayo." Sai ta zauna a bakin gado. Ba ni take kallo ba. Ta ce ranar da za ta bar Madina, yana zaune a tsakar gida yana wasa da murfin kwano. Mahaifinta yana bakin ƙofa yana jira, surukarta da dangin miji duk suna tsaye. Ta wuce ta gefensa ba ta dube shi ba. Har mata suka yi ta yaba mata, suna cewa yarinyar nan akwai kunya. Ta ce, "Da na dube shi, da ba wanda ya isa ya fitar da ni daga gidan nan. Da na kira shi ya ɗago, da sai dai a kashe ni." Ta goge ido da bakin mayafi ta ce in tashi in ba ta wuri, in kuma daina tsaya mata a ka. Ba ta ce za ta faɗa ba, ba ta kuma ci gaba da haɗa kaya ba.

Ranar zuwa kotu ta aro niƙabi wajen matar Yaya. Inna ba ta taɓa rufe fuska ba, har tana yi wa masu rufewa tsiya cewa ba a gane mai bashi. Ran nan ta ɗaura shi tamau, idanu kaɗai a waje. Shaidunmu wasu dattawa biyu ne na Harra, waɗanda suka ci tuwon sunan Yaya suna samari, ɗaya da sanda ɗaya da kujerar guragu. Tafinta na kotu Bahaushen Chadi ne, don haka matar Yaya ta huta, ni ma hankalina ya ɗan kwanta.

Ɗakin ƙarami ne, ba kamar yadda na zata ba. Alƙalin yana duba takardu, mu mata muna zaune gefe guda, Yaya yana tsaye ta bayanmu kusa da ƙofa. Dattawan suka ba da shaida, kowa ya faɗi abin da ya sani. Sai alƙali ya ɗago ya yi magana, tafinta ya ce, "Hajiya, alƙali ya ce ki faɗi sunan ɗanki, ki kuma faɗi da bakinki cewa ke kika haife shi."

Inna ta ƙura wa ƙasa ido. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Na so in riƙe hannunta, na kuma san idan na taɓa ta za ta make ni. Tafinta ya maimaita. Alƙali ya duba agogo, ba da fushi ba, akwai mutane a waje suna jira. Na sadda kai na fara tunanin yadda za mu raba dabinon Khaibar.

Sai na ji kujerarta ta motsa. Ba alƙalin ta fuskanta ba. Juyawa ta yi gaba ɗaya ta dubi bayan ɗaki, ta kira sunan. Ba faɗa ta yi ba yadda ake faɗa wa hukuma, kira ta yi, irin wanda ake yi wa yaro idan ya yi nisa da gida, har da jan ƙarshensa. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Wadda ta fi kowa iko da shi ta riƙe shi fiye da rabin rayuwarta, ba ni zan watsa shi a takarda ba.

Yaya ya ce, "Na'am." Muryar da ta fito ba tasa ba ce ta kullum. Ya sake cewa, "Na'am, Inna."

To wanda ya yi kira dole ya faɗi abin da ya sa ya yi kiran, Inna kuwa ba ta shirya wannan ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ka zauna mana. Tun ɗazu kana tsaye a kan ƙafar da ke maka ciwo."

Ni ban san yana ciwon ƙafa ba. Daga baya matarsa ta ce gwiwa ce, ya daɗe yana ɓoyewa don kada a sauya masa wurin aiki. Ya laluba kujera ya zauna, ya rufe fuska da gefen ƙyallen da ke kansa, kafaɗunsa suna girgiza. Inna ta juyo wajen alƙali ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi, a garin nan." Tafinta ya fassara. Dattawan nan biyu duk suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa, suna taya ta jin kunya. Alƙalin ya tambayi tafinta me ta ce wa mutumin da farko, da aka gaya masa sai ya yi murmushi ya ci gaba da rubutu.

Inna ba ta cire niƙabin ba har muka shiga ɗaki, da ta cire kuma ta kwanta ta juya mana baya ta ce kanta ke ciwo. Ba ta fito cin abinci ba sai da ta tabbatar Yaya ya tafi masallaci. Ba ta sake kiran sunan ba, a iya sanina har yau. Sai dai tun daga ranar, idan ya zauna kusa da ita ba ta tashi. Takan ci gaba da jan carbinta tana kallon wani wajen, shi kuma ya yi ta ba ta labarin jirage.

Da takardar kotu ta isa ofis, aka ce Inna za ta iya zama har a gama aikin iƙamarta. Ni ba uwar kowa ba ce a ƙasar, bizata ta ƙare, makaranta ma sun fara aiko da saƙo. Katin nata bai fito ba sai bayan na dawo, Yaya ya turo mini hotonsa a waya, Inna ta ɗaure fuska a ciki kamar an yi mata dole.

Safiyar da zan tafi ina ta fama da jaka, ina zuba wa matar Yaya umarni: maganin hawan jini da safe ne, kada a bar ta ta sha shayi da sukari da yawa, idan ta ce lafiyarta lau a duba ta da kyau. Inna ta kira ni ɗaki. Ta sa hannu a wuyanta ta ciro wata igiyar zare da makullai a jiki, ta kama hannuna ta sa a ciki.

Ta ce, "Na ɗakina ne, da na akwati. Ki buɗe ki raba. Gadon ki ba matar yayanku na gida, ta daɗe tana kallonsa. Kwanukan na jikoki mata ne. Buzun sallar babanku ki riƙe, kada ki ba kowa."

Na ce, "Inna, ai kya zo ganin gida. Mai iƙama yana fita ya dawo."

Ta ce, "Ki dai raba."

Sai a lokacin abin ya sauko mini. Watanni ina faɗa, ina harara, ina koyar da tsohuwa magana kamar 'yar aji ɗaya, duk don in ga ta zauna, ban taɓa tsayawa na lissafa cewa idan ta zauna ni kaɗai zan hau jirgi ba. Na yi murna, wallahi na yi, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Inna ta bar ni na yi mai isata, tana bubbuga bayana tana cewa in yi a hankali kada in jiƙa mata zani. Sannan ta ce in tashi, ana jirana a mota, kada in sa mutum ya makara wajen aiki.

Yaya ne ya ɗauki jakata har cikin filin jirgi. Makullan suna hannuna, na rasa inda zan sa su, sai na rataya igiyar a wuyana.